Katalis: takardar mallakar fasaha ce ta ɗaure mana hannu, ko kuwa?

Alhaji Bala: Assalamu alaikum jama'a. Jiya a wajen sayen taki wani yaro mai karatun kimiyya ya gaya min abin da ya hana ni barci. Wai masana'antun yuriya da muke da su, irin ta Dangote a Lekki da ta Indorama a Eleme, ba za su iya fitar da buhu ɗaya ba sai da wani ƙarfe da ake kira katalis, kuma daga waje ake kawo shi. Ni abin da na fahimta, Turawa sun kulle hanyar yin sa da takardar mallakar fasaha. Iskar gas tamu, ƙasa tamu, manoma namu, amma mabuɗin yana aljihun wani. Wannan ai zalunci ne.

Injiniya Hadiza: Wa alaikumus salam Baba Alhaji. Rabin maganar yaron gaskiya ce. Katalis abu ne da ke sa sinadarai su haɗu da sauri, shi kuma ba ya ƙarewa a cikin haɗuwar. Naitirojin na iska da haidirojin na gas ba sa yarda su zama amoniya sai sun bi ta kan ƙarfen nan, cikin zafi sama da digiri 400 da matsi mai tsanani. Daga amoniya ake yin yuriya. Amma batun kullewa ban yarda ba. Tun wajajen 1910 Alwin Mittasch na kamfanin BASF a Jamus ya gano haɗin katalis ɗin. Takardun wancan zamani sun daɗe da mutuwa.

Barista Nasiru: Na goyi bayan Injiniya a nan. Takardar mallakar fasaha shekara 20 take yi daga ranar da aka shigar da ita, haka yake a dokar Najeriya ta 1970, haka yake a yarjejeniyar ciniki ta duniya. Kuma sharaɗin ba ka ita shi ne ka bayyana abin da ka ƙirƙira kowa ya karanta. Bayan haka, ba ta aiki sai a ƙasar da aka yi mata rajista.

Alhaji Bala: To Barista, in ta mutu kuma a rubuce take, me ya hana mu ɗauka mu yi? Shekara sama da ɗari fa.

Injiniya Hadiza: Baba, wannan tambayar Amurkawa sun riga mu yin ta, kuma sun sha wuya kafin su samu amsa. A yaƙin duniya na farko gwamnatin Amurka ta ƙwace takardun mallakar Jamusawa. A 1919 aka sayar da kusan 4,500 daga cikinsu ga wata gidauniya a kan dala 250,000 kacal, don kamfanonin Amurka su yi amfani da su. Takarda ta zo hannu, babu mai cewa kar ka yi. Amma masana'antar amoniya da gwamnatinsu ta gina a Sheffield ta jihar Alabama lokacin yaƙin ba ta taɓa yin aiki yadda aka so ba, kuma katalis na cikin manyan abubuwan da suka kayar da ita. Sai da suka buɗe ɗakin bincike na musamman a Washington a 1919, suka zauna suna gwaji da kansu. Abin da ke takarda daban, abin da ke hannun ma'aikatan BASF daban.

Malam Sabi'u: Anti Hadiza, ki yi haƙuri, amma wannan labarin ai hujjar Alhaji ce. In dokar ta ce ka bayyana kafin a ba ka kariya, kai kuma ka rubuta rabi ka ɓoye rabi, ka ci riba biyu ke nan: shekara 20 babu mai taɓa ka, bayan nan ma babu mai iya kwaikwayonka. Ni wannan ha'inci nake kiransa. Kuma yau ma ba a daina ba. Kafin tsohuwar takarda ta mutu an ɗan sauya haɗin an shigar da sabuwa.

Barista Nasiru: Malam, sabuwar takarda sabon gyaran kawai take karewa, tsohon haɗin ya zama na kowa. Inda na yarda da kai shi ne kwangila. Wanda ya sayar maka da lasisin masana'anta shi yake ba ka garantin cewa za ta fitar da tan kaza a rana, kuma sau da yawa garantin yana rataye ne da amfani da katalis ɗin da ya amince da shi. Wane manaja ne zai zuba wanda aka yi a gida a cikin injin biliyoyin naira, ya rasa garanti? Wannan igiyar ta fi takardar mallaka ƙarfi nesa ba kusa ba.

Usman Makanike: Ni ban san na taki ba, na mota na sani. A cikin salansa akwai wani abu kamar saƙar zuma, mu a gareji indomi muke ce masa. Na taɓa kai motar yayana wajen wani mai walda a ɗaure mata salansa, da muka dawo sai ƙara ta canza, hayaƙi yana yaji a ido. Da na kwance na haska tocila, ciki wayam, an farfasa an kwashe, an like wajen da walda an shafa baƙin mai. Wallahi raina ya ɓaci ƙwarai, don amana ya ba ni. Masu saye suna biyan kuɗi mai kyau su fitar da shi waje. Me ke cikinsa haka?

Injiniya Hadiza: Filatinam da faladiyam da rodiyam, Malam Usman, 'yan giram kaɗan da aka shafa a jikin saƙar. Su ke juya hayaƙi mai guba ya zama mai sauƙin illa. Kuma ka kawo misali mai kyau. Afirka ta Kudu ita ke haƙo mafi yawan filatinam na duniya, kuma ba ta tsaya ga sayar da ɗanyensa ba, ana ƙera irin wannan katalis a can ana fitarwa Turai. Da lasisin kamfanonin waje ake yi, amma hannun da ke aikin na 'yan ƙasar ne.

Malam Sabi'u: Ma'aikata nasu, riba ta wani. Ban ga abin murna ba.

Alhaji Bala: Yarinyata, bar na mota. Na taki, me ke cikinsa da ya gagare mu? An ce ƙarfe ne. Ba mu da ƙarfe a Itakpe?

Injiniya Hadiza: Ƙarfe ne Baba, har yaro zai iya haddace haɗin. Dutsen ƙarfe da ake kira magnetait, a narka shi da ɗan sinadarin alminiyam da fotash da farar ƙasa, ya huce, a farfasa, a tankaɗe. Kamar marinar Ƙofar Mata ce, kowa ya san baba da toka ake zubawa, amma je ka haƙa rami ka zuba ka gani ko shuɗin zai kama. Fritz Haber, masanin kimiyya na Jamus, ya fara nuna haɗa amoniya a 1909 ta hanyar amfani da osmiyam, ƙarfen da duk duniya ba shi da yawa. Mittasch ne ya zauna neman mai araha. Zuwa 1912 shi da mutanensa sun yi gwaji kusan 6,500 a kan abubuwa wajen 2,500. Wani magnetait daga Suwidin ne ya ba su haske, saboda 'yan gaurayen da Allah ya halitta a cikinsa. Ɗan sulfa kaɗan kuwa ya isa ya kashe katalis ɗin gaba ɗaya. Na Itakpe yana da yashi da yawa, sai an tace shi sosai. Ba abin da ya fi ƙarfinmu ba ne, amma wa zai biya albashin mutanen da za su yi gwaji dubu shida, alhali dubu biyar da ɗari tara ba za su ba da komai ba? Abin da ke ci min rai ke nan. Na ga ɗalibai masu kaifin basira sun gama digiri ba su taɓa kunna injin gwaji mai matsi ba, don babu shi, ko akwai amma babu wuta.

Barista Nasiru: Ga kuma kasuwa. Katalis ɗin amoniya in an zuba yakan yi shekara goma zuwa sama bai buƙaci canji ba. Masana'antu nawa gare mu? Wanda ya kafa kamfanin yin sa don Najeriya kaɗai zai daɗe yana jiran mai saye.

Malam Sabi'u: To a sa a cikin kwangila mana. Duk wanda zai sayar mana da lasisi, dole ya horar da injiniyoyinmu har cikin ɗakin da ake haɗa katalis ɗin, ba wajen murɗa famfo kaɗai ba. Akwai hukumar NOTAP da ke rajistar irin waɗannan yarjejeniyoyi, aikinta ke nan. Ni har yanzu ina kan bakana, an ɓoye mana da gangan.

Alhaji Bala: Ni dai na janye rabin maganata, takarda ba ita ce katangar ba. Amma rabin da Malam Sabi'u ya riƙe ban sake shi ba. Hadiza, injin gwajin nan mai matsi, nawa ne kuɗinsa? Ki bincika ki turo mana nan. Ranar Asabar akwai taron ƙungiyarmu ta dillalan taki, zan tayar da maganar a gabansu.