Filtar iska ta gayu da ruwan damina: akwai haɗari ga injin?

Mai Corolla:
Assalamu alaikum, manyan gareji. Corolla gare ni mai injin 1.8, ina son in cire akwatin filtar iska na kamfani in sa irin filtar nan mai kamar mazurari, wadda dogon bututunta ke sauka har bayan parashok, wato abin kare karo na gaban mota. Masu sayarwa sun ce tana ƙara wa mota ƙarfi. To ga damina ta kankama, kun kuwa san yadda ruwa ke kwanciya a titunan Maradi cikin Agusta. Za ta iya cutar da injin?

Bakanike Zariya:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Za ta iya, kuma ba ƙaramar cuta ba.

Kamfani ya sa bakin shaƙar iska a sama, ya kuma huda ƙasan akwatin don ɗan ruwan da ya shiga ya tsiyaye. Ita wannan filta tana zama kusa da taya ta gaba. Ko ruwan bai kai ta ba, motar da kanta tana tara shi a gabanta in tana tafiya, balle babbar mota ta gifta ta turo maka nata.

In filtar ta shiga ruwa, injin zai zuƙe shi har cikin silinda, wato ramin da fistan ke hawa da sauka a ciki yana matse iska. Iska tana matsuwa, ruwa ba ya matsuwa. A injinka kowace silinda tana ɗaukar kusan mililita 450, amma in fistan ya hau ƙarshe, gurbin da ya rage bai wuce mililita 50 ba. Ƙaramin kofin shayi ke nan. Da zarar ruwan da ya shiga ya fi haka, fistan zai daki abin da ba ya gusawa, sauran silindojin kuma suna ci gaba da tura shi. Sai biyel, wato sandar da ke riƙe da fistan, ta lanƙwashe ko ta karye, wani lokaci ta huda jikin injin ta fito. Masu motar gazuwal su fi kiyayewa, domin matsin injinsu ya fi yawa, gurbin ya fi ƙanƙanta.

Mai Wayar Mota:
Maigida ya faɗi babbar matsalar. Ga ƙaramar da aka fi yawan gani. Bayan filta akwai na'urar auna iska, mai siririyar waya da lantarki ke ɗumamawa. Feshin ruwa ko man da ake shafa wa irin waɗannan filtoci, in ya taɓa wayar, sai ta aika wa kwamfutar mota lissafin ƙarya. Mota ta dinga shaƙewa, tana mutuwa a tsaye, fitilar injin ta kama. Da abin fesawa na musamman ake wanke ta, a bar ta ta bushe. Kada a sa mata tsumma ko esansi.

Kuma mu nan ba ruwa kaɗai ne matsalarmu ba. Damina wata huɗu ce, sauran shekara ƙura ce. Filtar auduga mai mai ta fi ta takarda barin lallausar ƙura ta wuce, ita kuwa ke cinye zoben fistan a hankali. Ƙarfin da ake zuzutawa, a injin da ba a taɓa masa komai ba, kaɗan ne ƙwarai. Ƙara ce ta fi yawa.

Mai Corolla:
Allah ya saka. To rigar nan da ake sa wa filta don kare ruwa fa?

Bakanike Zariya:
Feshi take tarewa. In filta ta nutse, ba ta da amfani. In ka nace, sa mai gajeren bututu da ke zama a sama kusa da injin, sai dai iska mai zafi za ta sha. Ni dai shawarata ka bar akwatin kamfani, ka riƙa canza filtar takarda a kan lokaci.

Abin da na fi so kowa ya riƙe: in mota ta mutu cikin ruwa, kada ka murɗa makulli, kada kuma yara su tura ta don ta tashi. A nan ake ƙarasa injin da zai iya tsira. A ja ta zuwa tudu, a buɗe filta. In ta jiƙe, a cire buji duka huɗu, a zare fis ɗin famfon mai, a cire wayoyin kwayil, sannan a juya injin ruwan ya feso ta ramukan. A zazzage bututun iska shi ma. A duba man injin: in ya koma kalar shayi da madara, a yi bidanj, wato a canza man injin, tare da filtar mai kafin a tayar. Bayan haka a auna matsin kowace silinda. In ɗaya ta yi ƙasa da sauran sosai, ko aka ji ƙwanƙwasa, akwai yiwuwar biyel ta lanƙwashe, sai an buɗe injin. Kada a yi tafiya da ita a haka, ko da zuwa Tibiri ne, nan kusa da Maradi.