Maleji ya daina faɗin gaskiya bayan canjin buwat: me kuka gani a motocinku?

Mai 504 na Bagalam:
Assalamu alaikum masu riƙe da tsofaffin motoci. Fijo 504 salon ɗin da na gada wurin mahaifina, Allah ya jiƙan shi, buwat ɗinta, wato akwatin giya, ya fara fid da giya ta uku da kanshi. Muka sauke shi, muka ɗora wani mai giya biyar da aka kawo mini daga Katsina. Mota ta yi daɗi, inji ya samu hutu a kan gudro. Sai dai tun ranar maleji ya ja baya: allura tana kan 80, awon gudu na wayata yana cewa 87. Wani ya ce in kai a ciro allurar a matsar da ita gaba kaɗan, amma hankalina bai kwanta ba. Wanda ya taɓa shiga wannan hali ya gaya mana yadda ya fita.

Tsohon direban layin Damagaram:
Wa alaikumus salam. Ɗana, kada ka bari kowa ya taɓa allurar nan tukuna. Mu da muka ja 404 da 504 kafin a san wayar hannu, da duwatsun kilomita na bakin hanya muke awo. Ka fita hanyar Tasawa da sassafe, kafin amalanke da 'yan kabu-kabu su cika hanya. Ka tsaya daidai dutse guda, ka rubuta lambar da ke jikin maleji, wadda take ƙirga tafiya. Ka tafi har ka wuce duwatsu goma, ka sake dubawa. In lambar ta hau kilomita 10 cif, matsalar tana cikin kan malejin. In ta gaza ko ta zarce, tana ƙasa, wajen buwat ko taya.

A tafiyar kuma ka ɗauki yaro mai agogo. Riƙe allura kan 60. Mota mai gudun 60 na gaskiya daƙiƙa 60 take ci daga dutse zuwa dutse. In ka iso a daƙiƙa 55, ka raba 3600 da 55, ka ga kusan 65 kake yi. Wannan awon ba ya buƙatar rezo, ba ya buƙatar caji.

Abin da ya sa na damu da naka: malejin da ke ragewa ya fi mai ƙarawa haɗari. Ka shigo gari ranar kasuwa kana ganin 50 kake, alhali ka haura, ga yara ga awaki, ga birkin tsohuwar mota.

Mai 504 na Bagalam:
Na gode Baba. Na yi yadda ka ce. Duwatsu goma, lambar ta hau 9.2.

Bakanike a Sabon Gari:
To Malam, ka gama rabin aikin. Allura ta gaza da kusan kashi 8 cikin 100, ƙirgar tafiya ma ta gaza da kashi 8. Tunda bakinsu ɗaya, kan malejin lafiyarshi lau, abin da ake aiko mishi ne bai kai ba.

Ga yadda abin yake. A wutsiyar buwat, kan sandar da ke fita zuwa pon, wato akwatin haƙoran da ke raba juyi ga tayoyin baya, akwai wani zobe mai murɗaɗɗen zare. Shi ke juya ɗan piniyo, wato wani ɗan gare mai haƙora, yawanci na roba, wanda kabul ɗin maleji ke shiga cikinshi. Wato maleji bai san taya ba, juyin wannan sandar kawai yake ƙirgawa. Don haka giya ta biyar ba ita ce mai laifi ba. Ko a ta biyu kake ko a ta biyar, bayan giyoyin ake ɗaukar awon. Kamfani yana zaɓen haƙoran piniyon ne daidai da pon da tayar motar da aka yi wa buwat ɗin. Kai kuma ka ɗauko shi daga wata mota.

Salon da yawa da na buɗe, pon ɗinsu haƙora 9 da 35 ne, wato sandar tana juyi kusan 3.89 kafin taya ta yi ɗaya. Masu ɗaukar kaya, irin dogayen nan na iyali, ana samun 9 da 38, wato 4.22. Raba 3.89 da 4.22, za ka samu 0.92. Ka ga 9.2 ɗinka ta fito. Ina kyautata zaton buwat ɗin daga doguwar mota aka ciro shi. Ba abin mamaki ba ne a nan: 504 ta fito a Faransa a 1968, Kaduna ta ci gaba da haɗa ta daga 1975 har 2006, kayan duka suna shigo mana ta Jibiya da Ɗan Isa a cakuɗe, mai sayarwa kuma buwat kawai ya sani.

Gyaran shi ne ka kwance kabul, ka zare piniyon, ka ƙirga haƙoranshi. Ka ninka adadin da abin da maleji ke nunawa, ka raba da gudun gaskiya. A ce 21 ka samu: 21 sau 80, a raba da 87, ya ba da 19 da ɗoriya. Mai 19 za ka nema. Ƙarancin haƙori yana sa kabul ya ƙara sauri, yawan haƙori yana rage shi, kuma kowane haƙori guda a wannan girman kusan kashi 5 ne. Da mai 19 allura za ta nuna 88 kana kan 87, kuskuren ya koma ɓangaren da ba ya cutarwa.

Kafin ka shiga kasuwa nema, duba tsohon buwat ɗinka. Sau da yawa amsar tana can. Sai dai a gwada shi da hannu a ji ya zauna cikin zoben, domin wani lokaci zoben ma ya bambanta, kuma in an matsa piniyon da bai dace ba, haƙoran robar za su cinye cikin 'yan kwanaki. In zoben ne daban, dole a buɗe wutsiyar buwat a canza su biyun tare.

Matsar da allura kuwa ba ya magani. Kuskurenka yana girma da gudu: a 40 ya gaza da wajen 3, a 100 ya gaza da wajen 9. In an matsar da ita ta daidaita a 80, za ta yi ƙari a cikin gari, ta yi ragi a babbar hanya, ƙirgar kilomita kuma tana nan a karkace.

Mai bashe daga Gidan Rumji:
Ni ban taɓa buwat ba, taya ce ta jawo mini. Saboda lodin gyaɗa da gero na bar 175 R14 na koma 195 R14 mai kauri. Tsawon ta farko wajen milimita 635 ne, ta biyu wajen 668, bambancin kashi 5. Juyi guda ya fi cin ƙasa, maleji kuma yana ƙirga shi kamar da. Inda na fara lura shi ne lissafin esans: sai na ga kamar mota ta ƙara sha, ashe kilomitar da nake rabawa da ita ce ta gaza. Alhaji mai 504, ka duba lambar tayarka kafin ka sayi piniyo, kada ka gyara don wannan taya gobe ka canza wata.

Mai Land Rover ta daji:
Tawa Series III ce, irin waɗanda aka yi tsakanin 1971 da 1985, ina shiga da ita yashin wajen Dakoro. Nata ba ragi mai tsari take yi ba. Allura ta hau 60, in na saki totur ta faɗo, in na taka ta sake tashi. Mun canza kabul, ba ta daina ba. Wani dattijon bakanike ya shiga ƙarƙashi ya kama wurin da farfelar baya, wato sandar da ke kai juyi ga tayoyin baya, ke ɗaure, ya girgiza, sai ga wasa. A irin waɗannan motoci zoben maleji matse shi kawai aka yi, babban notin nan ne ke riƙe shi. In ya saki sai zoben ya riƙa zamewa. Ya ɗaure noti, allura ta tsaya cak.

Sannan a duba fuskar malejin da kyau. Wasu motocin Ingila da Amurka da mil suke ƙirga, kuma mil guda kilomita 1.6 ne. Allura kan 60 a can, kana dab da 97 ke nan.

Ɗan makaranta a Ali Ɗan Sofo:
Iyayena, ku gafarce ni, amma me zai hana a liƙa waya a gaba a huta? Motar kawuna shekaru malejinta a mace, da waya yake tafiya.

Tsohon direban layin Damagaram:
Jikana, waya ta yi kyau wurin gwaji, ni ma yanzu da ita nake tabbatarwa. Amma zafin watan Afrilu a bayan gilashi yana kashe ta, kuma ba ita ke gaya maka lokacin juye man inji ba. Motar da ƙirgarta ta gaza kashi 8, in ta nuna ka yi kilomita 5000, ka haura 5400 da tsohon mai.

Mai gyaran maleji a bakin babbar kasuwa:
Abin da bakanike ya faɗa haka yake, sai dai in ƙara na ɓangarena, don wanda awonshi ya fito 10 cif amma allura tana ƙarya. A cikin kan malejin, kabul yana juya maganaɗisu ne a cikin wani ɗan kofin alminiyam, ba sa taɓa juna. Jan maganaɗisun ke karkata kofin, wani siririn sifirin kamar na tsohon agogon hannu yana mayar da shi, allura kuma tana kan kofin. Da tsufa maganaɗisu yana rauni, allura ta riƙa ragi. In sifirin ne ya saki, ta riƙa ƙari. Lambobin tafiya kuwa haƙora ne ke juya su kai tsaye, shi ya sa suke iya zama daidai allura tana kuskure. Wannan aikin tebur ne, a buɗe a wanke a daidaita, ba na ƙarƙashin mota ba.

Yawancin waɗanda ake kawo mini, ƙurar hunturu ce ta haɗu da giris ta daskare a ciki. Masu shafa wa kabul giris, a zare na cikin, a wanke da kananzir, a shafa kaɗan, a bar wajen taƙi guda na sama a bushe, domin juyin kabul yana tura maiƙon sama har cikin kofin. In kun ga man buwat a bakin kabul ta sama, robar da ke tare mai wajen piniyo ta mutu, a canza ta tun ana wurin. In allura tana rawa a ƙaramin gudu, a bi kabul a duba inda ya lanƙwashe. Bayan canjin buwat sau da yawa ana mayar da shi a takure, ko a bar shi ya jingina da salansa.

Wanda ya rasa piniyon da ya dace, akwai wani ɗan akwati mai haƙora da ake sawa tsakanin buwat da kabul, yana ƙara juyi ko ya rage. A nan samunshi sai an sa cigiya. In za ku aika a nemo, ku aika da lambar awonku ta duwatsu goma da hoton bakin kabul ɗin, don zaren bakin ba iri ɗaya ba ne a kowace mota.