Me za mu kira "sampling" da Hausa? Ni dai na tsaya a kan dashe

Jama'a, assalamu alaikum. Kalmar da nake so mu raɗa wa suna yau ita ce wadda masu haɗa kiɗa ke kira sampling, abin da aka yanko kuma su ce masa sample. A sitidiyo "samful" za ka ji ana cewa, kuma kowa a ɗakin ya gane. Rigimar tana tashi ne ranar da za ka rubuta wa wanda bai taɓa leƙa sitidiyo ba, ko za ka faɗa a rediyo. Gambara ta samu ta zauna wa rap daram, har kafafen labarai na cewa "mawaƙin gambara" ba mai tambayar me ake nufi. Wannan ma ya kamata ta samu nata. Mutane sun riga sun kawo shawarwari: samfur, satar kiɗa, aro, kwaikwayo, tsakure da auren kiɗa, kuma zan bi su ɗaya bayan ɗaya.

Kafin mu shiga sunayen, a dubi aikin tukuna. Mai haɗa kiɗa zai ɗauko faifai ko kaset ɗin da wani ya riga ya naɗa, ya yanko ɗan guntu na ainihin sautin, daƙiƙa 2 ko 6, bugun ganga ne ko busa ko wata kururuwa, ya zuba a na'ura, ya rage masa gudu ko ya ƙara, ya sa shi ya riƙa zagayowa, sannan ya gina sabuwar waƙa a kai. Ba ya kiran makaɗi ya sake kaɗawa. Hannun makaɗin farko ne ke bugawa a cikin sabuwar waƙar, ko da ya shekara 20 a kabari. Duk sunan da bai riƙe wannan ba, bai kama ba.

Tushen abin a gambara yana unguwar Bronx ta birnin New York. DJ Kool Herc, haifaffen Jamaika, wanda ake ƙirga casun da ya yi ranar 11 ga Agusta 1973 a matsayin mafarin hip-hop, wato salon da gambara ta fito daga cikinsa, ya lura cewa masu rawa sun fi haukacewa a gurbin da mawaƙi da sauran kayan kiɗa ke yin shiru a bar ganga ita kaɗai. Gurbin gajere ne. Sai ya riƙa sayen faifai iri ɗaya guda biyu, ya ɗora kowane a kan nasa garmaho, in gurbin ya ƙare a wannan ya tayar da shi a wancan, yana mayar da allurar na farkon baya. Da hannu ake yi a lokacin. Da na'urori irin SP-1200 ta 1987 suka zo, sai aikin ya koma cikin akwati. Ita wannan na'urar daƙiƙa 10 kacal take iya riƙewa, shi ya sa yaran suka koyi dabara: su juya faifan da gudun da ya fi nasa yayin naɗa don ya ci wuri kaɗan, in ya shiga sai su sassauta shi ya dawo daidai. Wannan ɗan ƙurar da kaushin da ake ji a gambarar wancan zamani, har da nan ya samo asali.

To ga inda hip-hop da kiɗan rawa na na'ura suka ci a akushi ɗaya. A 1969 wata ƙungiyar Amurka, The Winstons, ta saki wani kiɗa mai suna "Amen, Brother" a bayan faifanta. A tsakiyarsa mai ganga, Gregory Coleman, ya kaɗa shi kaɗai na kimanin daƙiƙa 7. 'Yan gambara suka yanko shi, suka rage masa gudu, ƙungiyar gambara ta N.W.A suka hau kansa a "Straight Outta Compton" a 1988. Bayan 'yan shekaru matasan Landan da Bristol suka ɗauki wannan guntun dai, suka ƙara masa wuta har ya haura bugu 160 a minti, suka daddatsa shi suka sake jera gutsattsarin, aka samu salon kiɗan rawa na jungle, daga baya drum and bass. Daƙiƙa 7 ɗin mutum ɗaya, a nan ana zuba baiti a kansa, a can ana rawa har asuba. Coleman ya rasu a 2006 bai taɓa karɓar kuɗin wannan amfani ba. Ku riƙe wannan, don zai dawo mana a maganar sata.

Yanzu sunayen da aka kawo.

Ƙanina da ya ce ai muna da samfur tuntuni, kuma daga kalmar nan ta Turanci aka aro ta, gaskiyarka. Sai dai samfur ya riga ya yi aure a kasuwa. In ka ce "sabon samfur" kowa waya ko babur zai hango, wato sabon yayi. In ma ka kai shi asibiti, samfurin jini ne, ɗan abin da aka ɗiba don a gwada a san sauran. Mai haɗa kiɗa ba gwaji yake ba. Ka ce wa mai sauraro "ya sa samfurin tsohuwar waƙa", zai zaci irin salonta aka yi.

Waɗanda suka ce satar kiɗa sun fi kowa yawa, kuma suna da babban mai goya musu baya. A 1991, da mawaƙi Gilbert O'Sullivan ya kai ƙarar mawaƙin gambara Biz Markie a New York kan ya yanki waƙarsa ba izini, alƙalin, Kevin Duffy, ya buɗe hukuncinsa da dokar nan ta Attaura: kada ka yi sata. Daga ranar kamfanoni suka shiga taitayinsu, neman izini da biyan kuɗi kafin a saki waƙa ya zama ƙa'ida. Amma ku lura, wannan ne ma ya rushe sunan. In an nemi izini, an biya, an rubuta sunan mai asali a jikin faifai, aikin bai canja ba ko kaɗan, yankowa ce dai da sakawa, alhali babu sata a ciki. Sata hukunci ce da ake yanke wa wani bayan an duba yadda ya yi. Muna neman sunan da za mu iya cewa "ya yi kaza da izini" da kuma "ya yi kaza ba izini", duka biyun su yi ma'ana. Kuma hukuncin ma ba sauƙi gare shi ba: Kraftwerk, masu kiɗan na'ura na Jamus, sun shiga kotu da furodusa Moses Pelham tun 1999 kan daƙiƙa 2 da ya yanka daga kiɗansu "Metall auf Metall", aka yi ta hawa da sauka har kotun Tarayyar Turai a 2019, inda ta ce sai da izini, in ba an sauya sautin ne har kunne ba zai gane shi ba. Abin da ya ci wa alƙalai shekara 20, kada mu yanke shi da kalma ɗaya.

Allah gafarta Malam, ku da kuka kawo aro, na ga ladabin da ke cikinsa, kuma manazarta sun saba da aron kalma wanda ba a mayarwa. Amma a kunnen mutumin gari aro yana tafe da yardar mai abu. A labarin Coleman wa ya ara wa wa? In sata ta yi wa mai aikin ƙazafi wani lokaci, aro kuma wanke shi yake yi kullum. Ku yi haƙuri, Malam, ban ɗauka ba.

Kwaikwayo kuwa, da wankiya ta 'yan fim, suna da wurinsu, kuma wurin yana kusa ƙwarai, shi ya sa ake rikicewa. Misalin da ya fi fito da shi shi ne "Planet Rock" ta Afrika Bambaataa, wani DJ na Bronx, a 1982, waƙar da ta haɗa Bronx da Jamus ta haifi salon electro, wanda masu techno na Detroit da masu bass na Miami duk suka sha daga gare shi. Mutane da yawa na cewa an yanko Kraftwerk ne a ciki. Ba a yanko ba. Karin kiɗansu "Trans-Europe Express" sake kaɗa shi aka yi a sitidiyo da hannun makaɗi John Robie, bugun wani kiɗansu "Numbers" kuma aka sake tsara irinsa a na'urar ganga TR-808. Sautin na su Bambaataa ne, karin na wasu, kuma sai da aka sasanta da Kraftwerk daga baya. Wannan shi ne abin da muka sani a gida lokacin da ake ɗauko karin waƙar Indiya a sake buga shi a fiyano a ɗora baitin Hausa. A bar wa wannan kwaikwayo. In muka ba sampling sunan nan, mun rasa hanyar bambance "Planet Rock" da "Straight Outta Compton", alhali a wajen masu sana'ar da masu shari'a bambancin babba ne: ɗaya haƙƙin mai kari kaɗai ya taɓa, ɗaya har da na mai faifai.

Tsakure ya kusa. Hajiyar da ta kawo shi, kin sa na daɗe ina juya shi. Ya faɗi ƙanƙanta, ya faɗi cirowa daga babban abu, kuma babu zargi a cikinsa. Inda ya tsaya shi ne, tsakure yana nan a matsayinsa na baƙo: mai labarai ya tsakuro jawabin gwamna ya sa mana, mun san na gwamna ne, an gama an wuce. Bai faɗi cewa guntun ya shiga wani jiki ya zama ƙashin bayansa ba. Ni zan riƙe shi ga matakin farko kawai: ya tsakuro gangar daga tsohon faifai.

Wani ya ce auren kiɗa, kamar mangwaro mai aure. Na yi dariya, amma kada a yar da shi. Ranar da muka zo kan waƙoƙi biyu cikakku da ake haɗa muryar wannan da kiɗan waccan, za mu neme shi.

Abin da na tsaya a kai shi ne dashe. Dashen kiɗa.

Manomin fadama ya san shi: ka ciro abu mai rai daga inda ya tsiro, ka kai shi wata ƙasa, ya kama, ya ci gaba da girma a can. Ainihin tsiron ne ka kai, ba irinsa ka shuka ba, kuma wannan ne bambancin da kwaikwayo ya kasa riƙewa. Kalmar ba ta ce ka saya ba, ba ta ce ka sata ba. Ana sayen dashen albasa a kasuwa, ana kuma tuge na maƙwabci da dare. Sannan Hausa ta riga ta fitar da ita daga gona ba tare da kowa ya yi ƙorafi ba, tunda muna cewa dashen ƙoda. Wani alherinta kuma, kalma ɗaya ta ɗauke mana biyu, domin dashe shi ne aikin, shi ne kuma abin da aka dasa. Aikatau ɗin ma a shirye yake: ya dasa, an dasa, dasasshen sauti. Akwatin da ake aikin da shi, na'urar dashe.

Yayana ya kawo sukar da ta fi kowace ƙarfi: in ka cire dashe, gurbinsa ya zama fili, amma "Amen, Brother" tana nan da gangarta ba abin da ya ragu. Haka ne, Yaya, in tumatir kake tunani. Amma rogo fa? Karansa ake sarowa a dasa. Dankalin Hausa ma yaɗonsa ake yankowa, uwar tana nan a kunyarta, kuma daga uwa ɗaya sai a cika gonaki. Duka dashe muke ce musu. Har abin da aka dasa ma ana iya sake yanka daga jikinsa a kai gaba, kuma haka kiɗan yake tafiya.

Mu gwada shi a jimla mu ji ko zai yi tuntuɓe. Daft Punk na Faransa sun dasa kiɗan mawaƙin funk Edwin Birdsong na 1979 a waƙarsu "Harder, Better, Faster, Stronger" ta 2001, sai Kanye West ya tsakuro daga tasu ya dasa a "Stronger" a 2007. Dashe a kan dashe ke nan, daga funk zuwa kiɗan rawa na na'ura zuwa gambara. Ko kuma: "Lose Control" ta Missy Elliott ta 2005 a kan dashen "Clear" take tsaye, kiɗan da Cybotron, ƙungiyar Juan Atkins na Detroit, suka fitar a 1983. Ko a sitidiyon unguwa: "Wannan kalangun dashe ne ko kai ka kira makaɗi?" "Dashe ne, daga wani tsohon kaset." "To ka nemi iyalan mai shi kafin ka saki."

Ban ji inda harshe ya sarƙe ba. Masu shirye-shiryen nishaɗi a rediyo, ku kuka fi mu bakin yaɗa kalma; ku gwada ta a shiri ɗaya ko biyu, karon farko ku ce "dashen kiɗa, wato yanko sautin tsohuwar waƙa a gina sabuwa a kai", daga nan ku bar ta ita kaɗai. Wanda kuma yake da wadda ta fi ta, ya kawo ta cikin jimlolin nan uku na sama, kada ya kawo ta tsirara.