Muhawara: Ruwan da Ke Ƙarƙashin Gona na Mai Gona Ne?

Manomi: Ra'ayina shi ne, duk wanda ya haƙa rijiyar burtsatse a filinsa da kuɗin guminsa, ruwan da ya samu nasa ne, kuma gwamnatin da ta kasa kai wa jama'a ruwan famfo ba ta da bakin ƙayyade masa yawan abin da zai ja.

Lauya: Malam, akwai wuraren da doka ta tsaya a bayanka. Tun 1904 kotun ƙolin jihar Texas ta Amurka ta yanke cewa mai fili yana iya jan ruwan ƙarƙashinsa ko da rijiyar maƙwabcinsa ta ƙafe.

Injiniya: Barista, matsalar ita ce ruwan ƙarƙashin ƙasa bai san iyakar gona ba, domin tafki ɗaya ne kowa yake zura bututunsa a ciki. A kwarin San Joaquin na jihar Kalifoniya, yawan jan ruwa ya sa ƙasa ta lotsa kusan mita 9 a wani yanki tsakanin 1925 da 1977, kuma idan yumɓun da ke riƙe ruwa ya danne, ba ya sake buɗewa ko da an yi shekaru ana samun damina mai albarka. Duk da haka, sai a 2014 jihar ta kafa cikakkiyar dokar kula da wannan ruwa, ta kuma ba yankunan da abin ya fi tsananta wa'adi har zuwa 2040 su daidaita jan ruwansu. Wannan jinkiri shi ne babban aibin da nake gani.

Malama: Ni ban ɗora laifin a kan manomi ba. Jihar Punjab ta Indiya ta fara ba manoma lantarki kyauta a 1997, sannan a 2009 ta kafa dokar jinkirta dashen shinkafa don a rage jan ruwa. Gwamnatin da take biyan kuɗin jan ruwa ita ce kuma take kukan ƙarewarsa.

Manomi: Na yarda da Malama, amma tsorona shi ne idan aka kawo lasisi da na'urar auna ruwa, ƙaramin manomi za a matsa wa, mai babban jari kuwa ya san hanyar da zai bi.

Injiniya: Tsoronka yana kan hanya, Malam, sai dai idan babu iyaka ma ƙaramin manomi ne yake fara shan wuya, saboda rijiyarsa ce marar zurfi, kuma ba shi da kuɗin ƙara haƙa. A wani yanki na gundumar Sheridan ta jihar Kansas a Amurka, manoma da kansu suka amince su rage ruwan da suke ja da kashi 20 cikin 100 daga 2013, hukuma ta mayar da yarjejeniyar wajibi.

Manomi: Idan da mu za a zauna a yanke adadin, kuma a auna rijiyar babba kamar yadda za a auna tawa, zan sa hannu.