Abin da aka tattauna a fada kan rubutu a Facebook da shari'a

A wata fada, wato wurin zaman hira na unguwa, da ke Zango, nan Damagaram, an shafe yamma guda ana muhawara kan masu zagin mutane a Facebook da WhatsApp. Shawarar da ta fi samun goyon baya ita ce kowa ya san dokar tukuna. Nijar ta kafa dokar laifukan intanet a 2019. An cire ɗauri kan ɓata suna da zagi a 2022, sannan aka maido da shi a Yunin 2024: shekara 1 zuwa 3 a gidan kaso, ga tara ta miliyoyin sefa.

An jima kan maganar goge rubutu bayan an wallafa shi. Wani dattijo ya ce, "Yarana, kafin ka goge, goma sun ɗauki hotonsa." Gaskiyarsa. Shi ya sa aka ce wanda aka ɓata wa suna kada ya rama. Ya ɗauki hoton rubutun da sunan mai shi da kwanan wata, ya adana saƙon murya yadda ya zo, ya nemi lauya.

Tura rubutun wani ma ba ya kuɓutar da mutum. "Gani na yi na tura" ba hujja ba ce, kuma wannan ya fi damuna saboda iyayenmu mata. Wasu sun ce in rigimar dangi ce, a fara kai ta gaban mai unguwa.