Wasan mota ranar Asabar: in sayi lens ko in koyi manuwal?

Ɗan Kawo: Salamu alaikum. Abokina ya roƙe ni in ɗauki hotunan wasan mota a bikin yayansa ranar Asabar, daga la'asar har bayan magariba. Kyamarar Canon 600D gare ni da lens ɗinta na asali, 18-55. A oto, wato in na bar kyamara ta saita kanta, motoci dishi-dishi suke fitowa, in rana ta faɗi kuwa sai duhu. Dubu 120 ce a hannuna. In sayi lens 50mm f/1.8, ko in zauna in koyi manuwal, wato saita kyamara da hannu?

Na Barnawa: Wa alaikumus salam. Sayi lens 70-300 mai jawo nesa ka huta. Da shi nake ɗaukar folo.

Baba Mai Hoto: Folo da rana ake yi, yaron nan maganar magariba yake. Ɗana, da haske sa shota, wato saurin ɗauka, a 1/1000 na daƙiƙa, mota za ta tsaya cak, har tayoyin, kamar an yi fakin. In kana so a ga gudu, sauko 1/125, kunna AI Servo (saitin da ke sa fokas ya riƙa bin abu mai motsi), kafe ƙafafunka, ƙugu kawai zai juya yana bin motar. Goma za su lalace kafin ɗaya ya yi kyau, kada ka karaya. Lens ɗinka a 55 iyakar buɗewarsa f/5.6, f/1.8 na shigar da haske kusan ninki goma. ISO kuma, wato saitin da ke ƙara wa hoto haske, daga 1600 yashi-yashi zai fara bayyana.

Abban Tudun Wada: Ni dai ka ji tawa. Bara da hunturu na je irin wannan da 50mm. Ba ya jawo nesa, dole na matsa. Wata mota ta yi juyi, taya ta watso tsakuwa, ji na yi ƙas! Gilashin gaba ya tsage. Na sauya lens a cikin ƙurar nan, ta shige har sensa, wato farantin da ke karɓar hoto a cikin kyamara, kowane hoto da ɗigo a sararin sama. Wallahi daren nan ban runtsa ba. Abokan ango suka ce hotuna ba su yi ba, ko kuɗin mota ba su ba ni ba.

Maman Ilham: Subhanallahi, Allah ya mayar da alheri. Gara lens da idonka.

Na Barnawa: 50mm na hannu dubu 80 na gan shi.

Abban Tudun Wada: A ina? 150 aka ce mini watan jiya.

Na Barnawa: Kai da ka fasa naka, kai za ka ba da shawara?

Baba Mai Hoto: Wanda ya sha wuya shi ya fi cancanta a saurara. Tun zamanin fim nake aikin nan, ku bar raina juna.

Ɗan Rigasa: Ka ce wa direbobin su tafi a hankali, ka ɗauka da wayarka 😂

Maman Ilham: Ai 'yan wayar nan su ne damuwata. Ka saita haskenka, amarya na shigowa, sai mutum goma su tare ka da filasha. Gobe uwar biki ta ce na ƙanwarta ya fi kyau, a rage kuɗi.

Abban Tudun Wada: Ni yanzu sai an ba ni rabi nake fita daga gida.

Ɗan Kawo: Na gode. Baba, in na bar ISO a 1600 da lens ɗina, zan kai magariba?

Maman Ilham: Rabi ma wasu sai sun ce ka raina su. Akwai wadda tun ƙaramar salla nake bin ta cikona.