Neman kalma: timestamp a fayil ɗin ISO, kafin darasin Litinin

Malamin Kwamfuta, Ƙofar Marusa: Salamu alaikum. Ranar Litinin zan koya wa ɗalibaina haɗa fayil ɗin ISO, wato kwafin faifai a cikin fayil ɗaya, wanda zai iya tada kwamfuta, kuma da Hausa nake darasin. Kalmar timestamp ce ta hana ni ƙarasa shiri. Tsarin jera fayiloli a faifai na ISO 9660, wanda aka tsayar tun 1988, bai tanadi lambar UUID ba, wato lambar da ake gane faifai da ita. Sai GRUB, manhajar da ke tada kwamfuta idan an kunna ta, ya ɗauki lokacin da aka rubuta cewa an sabunta faifan, ya mai da shi lambar gane shi. Da xorriso, manhajar haɗa fayil ɗin ISO, kana iya sa lokacin da hannunka, lambobi 16: shekara, wata, rana, awa, minti, daƙiƙa, biyun ƙarshe kason ɗari na daƙiƙa. A allo yana fitowa kamar 2024-03-05-09-30-00-00. In bai dace da wanda ke cikin grub.cfg, fayil ɗin saitin GRUB, ba, GRUB zai nemi faifansa ya rasa. Me zan kira wannan timestamp ɗin da Hausa? Bootloader ma, wato manhaja irin GRUB, ina neman sunansa.

Hajiya Mai Fassara: Wa alaikumus salam Malam. Tambarin lokaci. Ɗayan kuma mai tada na'ura.

Ɗan Kusugu, Daura: Hajiya, Allah ya ƙara girma, amma tambari a wurinmu gangar sarauta ce, a fada ake buga ta. Abin da ake dannawa a takarda hatimi ne. Hatimin lokaci.

Hajiya Mai Fassara: Ai kullum ana cewa tambarin kamfani a rediyo, ba wanda ya ruɗe. Kuma hatimi Larabci ne.

Ɗan Kusugu, Daura: Lokacin ma ai daga Larabci ya zo, wa ya kore shi?

Baba Tsohon Hedimasta: Ku bar wannan, ɗayar ce mai wuya. Na daɗe ina kiransa matashi, daga tashi, kamar yadda muka samu mabuɗi daga buɗe. Kalma ɗaya tal. Mai tada na'ura bayani ne, ba suna ba ne.

Mai Gyaran Waya: Baba, ranka ya daɗe, in ka ce matashi yara za su ɗauka saurayi kake nufi ko matashin kai. Mu a shago butloda muke cewa, kowa ya gane.

Baba Tsohon Hedimasta: Ɗana, haka aka yi ta ara har yaro ya kasa ƙirga kuɗi da harshen uwarsa. Mu Katsinawa da ilimi aka san mu, hasumiyar Gobarau na nan tsaye. Ba za mu zauna sai Kano ta yanke mana kalma ba.

Ɗan Kusugu, Daura: In asali ake bi kuwa, Baba, Daura za a fara tambaya.

Hajiya Mai Fassara: Wa ya kawo Kano cikin maganar nan? Bawan Allah yana da aji jibi.

Malamin Kwamfuta, Ƙofar Marusa: Na gode, Hajiya. Wani ya turo mini "kwanan wata da sa'a" a gefe, amma ba zai yi ba. GRUB bai damu da ko lokacin gaskiya ne ba. Ko 2010 ka rubuta zai tashi, muddin lambobin biyu sun dace. Haɗarin shi ne faifai biyu masu lamba ɗaya a jikin kwamfuta ɗaya, zai iya kama wanda ba shi ba. Aikinsa shaida ne, shi ya sa hatimi ya fi kwanta mini. Na ɗauki hatimin lokaci.

Hajiya Mai Fassara: To, ba laifi a aji. A fassarata dai tambari zan ci gaba da sawa.

Baba Tsohon Hedimasta: Matashin fa?

Malamin Kwamfuta, Ƙofar Marusa: A yi mini afuwa, Baba. Zan rubuta butloda a allo, in fassara da mai tada na'ura. Naka zan karanta musu in ji abin da za su ce.

Baba Tsohon Hedimasta: Ka karanta shi da kyau, ka ja wasalin. Kuma kada in ji ka ce hoton faifai wa ISO ɗin nan, ba hoto ba ne, kwafin faifan ne sukutum.